Masu zuwa shaƙatawa Tiga, bakin ruwan nan fa yana da masu shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, don Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, ni da ma mutane da yawa da muke zaune a gefen ruwan Tiga. Duk lokacin da sallah ta matso ko aka shiga hutun ƙarshen shekara sai kaji an taso da maganar yawon buɗe ido, wai me ya sa baza a gyara Tiga ba ta zama wajen shaƙatawa irin na ƙasashen waje, a kawo jiragen ruwa na zamani a gina otal a yi kaza a yi kaza, samari a Facebook da TikTok suna ta ɗora hoton ruwan suna cewa kai ashe muna da irin wannan a Kano. Ni wallahi ban ƙi ba, ina so a gyara kuma ina so mutane su zo. Amma a duk surutun nan da wuya kaji wanda ya ambaci mutanen da suke kwana suke tashi a bakin ruwan, sai kace a dokar daji aka ajiye shi babu kowa.

Ga wanda bai sani ba, dam ɗin Tiga a zamanin gwamnan Kano marigayi Audu Bako aka gina shi, tsakanin 1971 zuwa 1974, aka tare Kogin Kano, ruwan ya kwanta ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 178, kuma in ya cika yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ba don wanka ko ɗaukar hoto aka yi shi ba, don noman rani aka yi shi, shi ne yake shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, duk tumatir da shinkafa da alkamar da ake taƙama da su a wannan yanki daga nan ruwansu yake fitowa, har matatar ruwa ta Tamburawa ma daga kogin nan take ja. To kafin ruwan ya kwanta akwai ƙauyuka a wurin, akwai gonaki akwai maƙabartu akwai kukoki da tsamiyoyin da mutane suka san su da suna, aka tashe su aka mai da su tudu. Jikokin waɗancan mutane su ne mu. Kakanninmu manoma ne ba masunta ba da yawansu, ruwa ne ya zo ya same su, dole suka koyi zama da shi, masunta na gado kuma suka zo daga wasu wurare suka zauna aka yi auratayya aka zama ɗaya.

Shi baƙo in ya zo ruwa kawai yake gani shimfiɗe, mu kuwa kowane gefe da aikinsa. Akwai inda ake ɗaure kwale-kwale, akwai mashayar da Fulani suke gangaro da shanu tun ba a haife ni ba, akwai inda mata suke wanki da wanke-wanke, akwai inda ake shanya kalli ana ɗinke inda kifi ko kututture ya yaga. Da asuba tun kafin gari ya waye masunta sun riga sun shiga duba kallin da suka dasa jiya da yamma, wajen hantsi su fito, ƴan sari na jiransu da daro, a zube karfasa da tarwaɗa da kurungu a yi ciniki a tsaye, in an yi sa'a aka samu babba ɗaya to ranar gidan mai shi an more. Kifin da ba a saya ba sai a yi banda. Mata masu suya kuma su kafa kasko a ƙarƙashin bishiya, kifin da aka fito da shi ɗazu-ɗazu a soya maka shi a barbaɗa yaji a yanka albasa, wallahi Malam Edita in ka ci wannan baza ka ƙara kallon kifin firji ba, wannan ba talla nake yi ba gaskiya ce.

Sannan wani abu da ƴan birni basu sani ba, bakin ruwan nan ba a waje ɗaya yake tsayawa ba. Da rani in aka yi ta sakin ruwa zuwa gonaki sai ya ja baya sosai, ya bar ƙasa mai danshi mai kyau, mutane su bi shi suna shuka masara da dankali da albasa da kayan miya, in damina ta yi nisa kuma wajen watan Agusta da Satumba ya dawo ya shanye wurin gaba ɗaya. Kowa a ƙauye ya san iyakar inda ruwa yake kaiwa a shekarar da aka yi ruwa da yawa, shi ya sa baza ka ga ɗan gari ya yi gini a can ƙasa ba.

To yanzu ga abin da ya sa na ɗauko alƙalami, ko in ce waya. Tun da aka fara wannan zance na shaƙatawa sai dillalai suka farka. Sai kaga mota mai baƙin gilashi ta tsaya, an fito da manyan riguna ana nuna ruwa da hannu, bayan ɗan lokaci kaji wai an sayar da gonar wane, mai sayen zai yi gidan hutu ko gidan gona. Mai gona yana da ikon sayar da gonarsa, babu mai hana shi, balle a wannan tsadar rayuwa da mutum yana ji yana gani zai rabu da gadon ubansa don ya aurar da ƴa ko ya biya kuɗin asibiti. Matsalar ita ce mai sayen ba a iyakar gonar yake tsayawa ba, sai ya ja waya ko katanga har cikin ruwa, wai don kada a riƙa ratsa masa ta gaba yana hutawa da iyalinsa. Hanyar da mutane suke bi su gangara shekara da shekaru ta toshe kenan. A wajenmu akwai wani da ya yi haka, ba zan kama suna ba, ya rufe hanyar da take zuwa mashaya, yanzu makiyayi sai ya zagaya da shanu ta gefen gonakin mutane, kuma kai ka san abin da yake biyo baya in shanu suka ratsa ta gefen shuka, rigimar da ba a da ita a da yanzu an ƙirƙiro mana ita, shi kuma mai gidan bai fi ya zo sau nawa ba a shekara, maigadi ne kawai a ciki da kare. Abin dariyar ma da rani ya auna filin nasa, da ruwa ya dawo sai ga rabin katangar a cikin ruwa ta zube, amma maimakon ya tambayi mutanen gari sai ya sake tayar da ita.

Ni ba lauya ba ne amma hankali ma ya isa ya gaya maka ruwan da aka tashi mutane daga gidajensu aka tara da kuɗin gwamnati don amfanin kowa, bai kamata mutum ɗaya ya zo ya katange gaɓarsa ba. Ina roƙon hukumar da take kula da dam ɗin da ƙananan hukumomin da suke kewaye da ruwan da masu unguwanni da dagatai, su zauna su fitar da iyaka a fili, daga inda ruwa yake kaiwa in ya cika a bar wata tazara da babu mai gini babu mai shinge, a rubuta mashayu da burtalai da matsayar jirage a san da su a takarda tun kafin a gama rabe wurin. In aka bari sai an gina to rushewa sai an sha wahala, don masu ginin ba ƙananan mutane ba ne.

Sai maganar rai, wadda ta fi ta fili muhimmanci. Ranar sallah da kashegari ka zo ka ga yadda ake cika, motocin haya da Adaidaita Sahu da babura, samari da ƴan mata an sha kwalliya, ga ƴan makaranta da ake kawowa eskoshan lokaci-lokaci. Yawancinsu basu taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Sai yaro ya tuɓe riga ya faɗa don abokansa su ɗauke shi a bidiyo, yana ganin ai gefe ne babu zurfi, bai san cewa ƙasan ruwan dam ba shimfiɗaɗɗe ba ne, tsofaffin kwazazzabai da hanyoyin rafi suna nan a ƙasa, ka taka nan ruwa iya cinya ka ƙara taku biyu ka rufta. Ga laka mai riƙe ƙafa, ga kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye, ga tsohon kalli da ya tsinke yana yawo wanda in ya naɗe ƙafar mutum ko gwanin iyo ne sai Allah. Kuma wanda yake nutsewa ba ya ihu kamar yadda mutane suke zato, shiru zaka ji, abokansa na can suna dariya suna zaton wasa yake. In abin ya faru wa ake kira? Sarkin Ruwa da yaransa. Su ne za su bar sana'arsu su yi ta nutso har dare suna lalube, wani lokacin sai kashegari, a ɗauki gawa a wuce ko sannu wani ba ya tsayawa ya yi musu, ba don rashin kirki ba, tashin hankali ne, amma dai haka abin yake.

Haka jirgi. Samari goma sha su dunƙule a kwale-kwalen da aka sassaƙa don mutum uku da kalli, kowa yana so ya miƙe tsaye ya ɗauki salfi, mai jirgin kuma yaro ne da ya ga kuɗi ya kasa cewa a'a. Da yamma iska takan taso a ruwan nan babu sallama, musamman farkon damina in hadari ya haɗo, ruwan da kake gani lumui cikin ɗan lokaci sai ya fara tunkuɗo igiya. Mu a Kano ai bama buƙatar a ba mu labarin wata ƙasa. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, ya taso daga Badau, aƙalla mutum 29 suka rasu yawancinsu yara ƴan Islamiyya da za su je Maulidi, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. A shekarar dai a watan Mayu an yi wanda ya fi shi muni a wajen Warra ta jihar Kebbi. Duk lokacin da aka yi irin wannan sai a yi ta maganar lodi ya yi yawa, babu rigar ruwa, a yi alkawari, bayan wata biyu kowa ya manta.

Shawarata a nan mai sauƙi ce kuma bata buƙatar biliyoyi. Da ɗan gari kan ci gari. Mutanen da suka san ruwan nan ciki da bai suna nan, a ba su aikin mana. A ware wuri ɗaya ko biyu da Sarkin Ruwa ya tabbatar ƙasansa yashi ne kuma babu rami, a kewaye da igiya da jarkoki masu yawo a saman ruwa, a ce nan ne kawai wajen wanka. A ɗauki samarin masunta a ba su horo kan yadda ake ceto da yadda ake taimakon wanda ya sha ruwa kafin a kai shi asibiti, a ba su riga mai alama da ɗan alawus ranakun da ake cika. Jirgin da zai ɗauki baƙi a yi masa rajista a rubuta a jikinsa mutum nawa yake ɗauka, babu laif jaket babu hawa, ko kai ɗan waye. Kuɗin hawan kuma ya shiga aljihun masu jirgin da ƙungiyarsu, ba wai a kawo wani ɗan kwangila daga birni da jirgi mai inji ya kwashe cinikin ya bar mu da ƙarar inji da man da yake zuba a ruwa yana kora kifi ba. In yaron ƙauye ya ga cewa baƙon nan abincinsa ne, shi da kansa zai tsare shi ya tsare wurin.

Ai muna da misali a kusa. Bikin kamun kifi na Argungu da aka faro tun 1934, me ya sa duniya take zuwa kallo? Ba don otal ba ne, don masunta ne da gorarsu da komarsu suna rugawa cikin kogin Matan Fada, da Sarkin Ruwa da sauran masu sarautar ruwa da ake girmamawa. Haka Rigata ta Yawuri, tseren jirage ne na mutanen wurin. Mu ma yaranmu sun iya tseren kwale-kwale, sun iya jefa birgi ya buɗe ya faɗa ruwa a zagaye gwanin kyau, wanda ɗan birni zai biya kuɗi ya kalla har ya ce a koya masa. Amma mu kullum tunaninmu sai an yi gini an yanka kintinkiri. Ginin ai an taɓa yi. Audu Bako bai tsaya a dam ba, an yi otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga, an yi na Bagauda a bakin tafki wanda daga baya ya koma makarantar horar da lauyoyi, manyanmu suna ba mu labarin yadda Turawa da manyan ma'aikata suke zuwa hutun ƙarshen mako a lokacin. Gini in babu mai kula da shi lalacewa yake, su kuwa mutanen bakin ruwa babu inda suka je, suna nan.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa don kada a kori baƙi, amma ni zan faɗa, tsargiya. A wurare da yawa da ruwa ya kwanta a ƙasar nan tamu akwai ta, wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, ta fito cikin ruwa ta shiga ta fatar mutum yana wanka ko wanki, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Da can har cewa ake yi alamar balaga ce ga ɗa namiji, alhali ciwo ne da yake cin mafitsara a hankali. Maganinta ƙwaya ce kuma akan raba a makarantu, amma yaro ya sha yau gobe ya koma ruwan, don ina zai je? A ƙauyenmu famfon burtsatse in ya lalace sai a yi watanni ba a gyara ba, dole a koma ɗiban na dam, muna kallon ruwan da yake shayar da birni da gonakin wasu mu kuma muna sha da ƙwarya a gefe tare da dabbobi. An yi tashar wuta mai megawat 10 a jikin dam ɗin, mun ji daɗi Allah ya sa alheri, amma ƙauyuka nawa ne a gefen ruwan suke kwana a duhu? To duk wanda zai kawo tsarin shaƙatawa ya haɗa da burtsatse da banɗaki, na baƙi da na ƴan gari, don rashin banɗakin nan shi ne yake mai da cutar cikin ruwa, kuma dubban mutane in suka zo yini guda ai dole su zaga.

Ku kuma masu zuwa, don Allah ga ɗan roƙo. Ledar fiya wata da robar lemo da takeaway ɗin da kuka ci shinkafa, ku haɗa ku koma da abinku, in kun tafi iska ce take kwashe su ta zuba a ruwa, su maƙale a kalli, shanu da awaki su haɗiye leda su kumbura su mutu, asarar wani talaka kenan. Ku daina ɗaukar matan mutane hoto suna wanki kuna ɗorawa a intanet kuna rubuta rayuwar ƙauye, matar aure ce fa, kai zaka yarda a yi wa taka? Masu zuwa da sifika kuma a riƙa ragewa in an kira sallah, gari ne ba filin fati ba. In ka ga dattijo a bakin ruwa ka yi masa sallama ka tambaye shi Baba ina ne ya dace mu zauna, wallahi har tabarma zai sa a kawo maka, ya nuna maka inda inuwa take da inda baza ka bar yara su matsa ba. Kuma in za ka sayi kifi kar ka yi ta ja-in-ja a kan ɗari biyu da matar da tun safe take gaban wuta, kai da ka ƙona man dubban nairori kafin ka iso.

Na san wani zai ce yanzu wa yake ta shaƙatawa ana fama da abin da za a ci, ga maganar tsaro, tunda dajin Falgore ba nisa. Gaskiya ne, amma ai mutane suna zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba, ɗan Kano da zafin watan Afrilu ya dafa shi in ya samu inda iska take kaɗawa ba mai hana shi, ka bi titin Zariya ka wuce Kura tafiyar da bata kai ta kwana ba ka je ka dawo. Tunda zuwan ake yi gara a tsara shi. Kuma ba Tiga kaɗai ba, abin da na faɗa ya shafi Challawa ta Ƙaraye da Watari da sauran madatsun da muke da su.

Malam Edita in da hali ka turo wakilinka ya zo ya gani da idonsa, amma kar ya zo da rana tsaka ya ɗauki hoton ruwa ya juya. Ya zo da sassafe lokacin da jirage suke fitowa, ya nemi Sarkin Ruwa da shugaban masunta da ardon Fulani da matan da suke suya, ya tambaye su hanyoyi nawa aka toshe musu a ƴan shekarun nan, sannan ya nemi jin ta bakin hukuma kan wa yake ba da izinin yin katanga har cikin ruwa. Kifin da zai ci a wuyana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karatu daga gefen ruwan Tiga, jihar Kano